Oksijin zai iya maye gurbin fetur? Abin da sidi 300 na ƙanena ya koya mana a Tamale

Da hunturun da ya wuce ne ƙanena ya shigo gida bayan sallar isha'i, ko hular sanyinsa bai cire ba, ya miƙo mini wayarsa yana cewa, "Yaya, kalli nan. Wahalar mai ta ƙare."

A bidiyon, wani mutum ne tsugune gaban keke mai ƙafa uku, irin wanda muke kira yelo-yelo a nan Tamale. Ya ɗaure wata kwalbar ruwa a gefen inji, da wasu farantan ƙarfe a cikinta, da wayoyi biyu da suka tafi wajen batir, da siririn tiyo da ya shige inda inji ke jan iska. Yana tayar da keken sai ruwan ya fara tsiyayar da kumfa. Mutumin ya nuna kumfar da yatsa, ya ce wannan oksijin ne, shi ne ainihin abin da ke ci da wuta a cikin inji, kuma duk wanda ya saka na'urar zai rage rabin fetur ɗin da yake sha a rana.

Ƙanena yelo-yelo yake ja, tsakanin kasuwar Aboabo da Lamashegu da sauran unguwanni. Keken ba nasa ba ne tukuna. Biya yake yi duk mako har ya gama ya zama nasa. Kullum in ya dawo sai ya zube kuɗin a kan tabarma ya raba uku: na mai keke, na gidan mai, sannan abin da ya rage. Kason ƙarshen nan shi ne mafi ƙanƙanta. Mai na'urar ya nemi sidi 800. Ƙanena ya riga ya ba shi 300 na kafin alƙalami, sauran 500 kuma yana so Mma ta ara masa daga kuɗin adashin da za ta kwasa a ƙarshen wata, kuɗin da ta yi wata da watanni tana tarawa daga cinikin koko da ƙosai don ta sayi buhun gero kafin ya yi tsada.

Mma ta dube ni ta ce, "Kai ne ka yi boko. In gaskiya ne a ba shi, in ba gaskiya ba ne ka faɗa mini."

Ban iya amsa mata a daren ba. Na san a makaranta an ce mana wuta ba ta ci sai da oksijin. To in haka ne, me zai hana a ƙara wa inji oksijin a rage masa fetur? Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma na ji ta a bakin mutane da yawa a tasha da majalisar shayi.

Me ya sa zancen ke shiga kunne

Duk wanda ke neman abinci da inji a Ghana bai manta da shekarar 2022 ba. A farkon Janairun shekarar litar fetur ba ta kai sidi 7 ba. Kafin Nuwamba ta doshi sidi 18, dizal kuwa ya haura 23. Tun 2015 gwamnati ta sake wa kamfanoni mara su riƙa sa farashi, shi ya sa duk bayan mako biyu direba ke zuwa gidan mai gabansa na faɗuwa. Mu a arewa kuma man ma daga nesa yake zuwa mana, ko ta tankoki daga Tema, ko ta tafkin Volta zuwa ma'ajiyar Buipe.

Tamale kuwa gari ne na babur. Malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai kai nama kasuwa, uwa mai goyo da yara biyu a baya, kowa a kan inji yake. Idan wani ya zo ya ce yana da dabarar raba kuɗin mai biyu, ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Darasin Baba mai walda

Washegari na ɗauki ƙanena muka nufi unguwar masu gyaran motoci da ke wajen Lamashegu, wurin wani dattijo abokin marigayi mahaifinmu. Walda yake yi tun ban san kaina ba, kakansa kuma maƙeri ne. Yaran gareji suna ce masa Masta, mu kuwa Baba muke ce masa. Na zaɓe shi ne don shi kaɗai na sani da yake sayen oksijin da kuɗinsa, yake kuma aiki da shi kullum.

Ya kalli bidiyon har ƙarshe bai ce uffan ba. Sai ya tashi ya ja mu wajen kayan aikinsa: doguwar tukunyar oksijin a tsaye an ɗaure ta da sarƙa, da tukunyar kabaid a gefe, tiyo biyu sun fito daga cikinsu sun haɗu a bakin tocin walda.

"Riƙe ashana," ya ce wa ƙanena. Ya buɗe oksijin kaɗai, kaɗan, ya sa aka kawo wutar kusa da bakin tocin. Tsinken ashanar ya yi wani irin haske ya cinye nan take, har ƙanena ya yar da shi yana yarfe hannu. Amma bakin tocin bai kama ba. Iska ce kawai ke fita tana huci.

Sai ya rufe, ya buɗe iskar kabaid ita kaɗai, ya kunna. Wuta ta kama, ja-ja, mai laushi, tana fitar da baƙin hayaƙi. A hankali ya riƙa sakar mata oksijin. Wutar ta tsuke, ta koma shuɗiya, ta fara ƙara. Daga nan ya murɗe kabaid ɗin. Wutar ta mutu fat, alhali oksijin yana nan yana fita.

"Ka gani?" in ji Baba. "Kakana da zugazugi yake aiki. Ko ya kwana yana zuga, in babu gawayi a murhu, ƙarfe ba zai yi ja ba. Oksijin zugazugi ne, ɗana. Fetur shi ne gawayin."

Ƙanena bai yarda da wuri ba. Ya ce, "Amma Baba, na ga kana yanka ƙarfe da shi. Kana danna wannan hannun sai ƙarfen ya tsage."

Baba ya yi dariya ya ce tambaya ce mai kyau. Idan ƙarfe ya yi jawur aka feso masa tsantsar oksijin, ƙarfen ne da kansa ke ci da wuta, tartsatsin da ke zuba kuwa tokarsa ce. Wato ko a nan ma oksijin bai zama makamashi ba, ya dai samu abin da zai cinye ne. "Kuma abin da zai yi wa cikin injinka ke nan in ka cika masa shi," in ji shi.

Abin da ke faruwa a cikin inji

Da na koma gida na zauna na bi lissafin, sai na ga maganar Baba ita ce ta littafi, kalmomi ne kawai suka bambanta. Tun ƙarshen ƙarni na 18 aka warware wannan batu. Joseph Priestley na Ingila ya tace iskar a 1774, ya lura kyandir na ci da ƙarfi a cikinta. Antoine Lavoisier na Faransa ne ya raɗa mata suna, ya kuma nuna cewa ƙonewa haɗuwa ce tsakanin abin da ke ci da wannan iska. Ƙarfin da ke fita daga wannan haɗuwa yake zuwa, kuma sai ɓangarorin biyu sun hallara. Ɗaya daga cikinsu kyauta ne, ɗayan ne muke saye a gidan mai.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce, kashi 78 naitirojin. Injin fetur yana son kimanin kilo 14.7 na iska a kan kowane kilo ɗaya na mai. Idan aka juya wannan zuwa lita, kowace litar fetur da ƙanena ya ƙona tana tafiya da iska wajen lita 9,000, kuma a cikinta akwai oksijin kusan lita 1,900. Duk wannan inji ke zuƙa da kansa a kan titin Aboabo, ba wanda ya taɓa miƙa masa rasit.

To a ce mutum ya nace sai ya ɗauki oksijin nasa a tukunya. Babbar tukunya irin ta Baba tana riƙe da lita 7,000 zuwa 10,000 na iskar, nauyinta kuma ya haura kilo 50. Abin da za ta iya ƙonawa bai wuce fetur lita huɗu zuwa biyar ba. Ka sayi tukunya, ka ɗauki nauyinta, sannan har yanzu sai ka sayi fetur ɗin.

Akwai kuma zafi. Naitirojin ɗin nan da ake gani kamar ba ya aikin komai, shi ne ke shanye zafin wutar, ya kumbura, ya taimaka wajen tura fistin. In aka rage shi aka cika oksijin, wutar cikin inji sai ta doshi irin ta bakin tocin walda, wadda ke haura digiri 3,000. Fistin kuwa da alminiyon ake yin sa, alminiyon kuma a digiri 660 yake narkewa.

Gaskiya ne akwai inda ake ƙara wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Aikin tabo ke nan a manyan motocin da ke ɗaukar doya da shanu zuwa Kumasi: tana cusa iska da yawa don inji ya iya ƙona dizal da yawa. Masu tseren motoci a Amurka suna fesa wata iska mai ɗauke da oksijin don su samu ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, amma tare da ita sai sun ƙara fetur. Roka ma tana ɗaukar oksijin da aka daskarar ya zama ruwa, saboda babu iska a sararin samaniya. Wadda ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969 da kananzir ta tashi daga ƙasa, oksijin ɗin abokin tafiya ne. A duk misalan nan, ƙarin oksijin ƙarin shan mai yake jawowa.

Kwalbar ruwan fa?

Kumfar da ƙanena ya gani gaskiya ce. Idan aka ratsa wutar lantarki cikin ruwa, yana rabuwa gida biyu: kashi biyu haidirojin, kashi ɗaya oksijin. A cikin biyun, haidirojin ne ke ci da wuta. Mai na'urar ko sunan abin da yake sayarwa bai faɗa daidai ba.

Matsalar ita ce ruwa abu ne da ya riga ya ƙone. Duk wanda ya tayar da mota da asubar hunturu ya ga ruwa na ɗiga daga salansa. Wannan ruwan haidirojin ɗin cikin fetur ne da ya gama ci ya haɗu da oksijin. Ruwa toka ne. Kafin ka mayar da toka ta koma abin da zai sake ci, sai ka biya aƙalla daidai ƙarfin da ya fita lokacin da ta ƙone. Raba lita ɗaya ta ruwa yana cin wutar lantarki sama da yunit huɗu irin na mitar gida, ko da ba a yi asarar komai a hanya ba. A keke kuwa daga ina wutar take zuwa? Daga batir. Wa ke cika batir? Inji. Me inji ke sha? Fetur. Kuma a kowane mataki ana zubar da wani abu: injin fetur da ƙyar yake mayar da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin mai ya zama motsi, sauran zafi ne ke tafiya a iska. Kamar mutum ne ya ci bashin sidi 10 don ya sayi abin da zai sayar sidi 2.

Yawan ma bai taka kara ya karya ba. Irin wannan kwalba, in an yi sa'a, lita ɗaya take bayarwa a minti, sulusinta ne kuma oksijin. Injin keke mai cc 200 yana jan iska sama da lita 100 a minti idan yana tafiya da fasinja. Cokali ɗaya ne aka zuba a randa.

Ba a Tamale aka fara ba

Wannan kasuwa ta girmi ƙanena, ta girme ni. A jihar Ohio ta Amurka wani mai suna Stanley Meyer ya yi shekaru yana cewa ya ƙera motar da ke tafiya da ruwa. A 1996 mutum biyu da suka zuba kuɗi suka kai shi kotu, masana suka duba na'urar suka ga raba ruwa ne da lantarki irin wanda kowa ya sani, kotu ta ce zamba ce, ta umarce shi ya mayar musu da dala 25,000. A Filifin, Daniel Dingel ya shafe shekaru da dama yana irin wannan iƙirari, har a 2008 kotu ta same shi da laifin damfara yana da shekara 82. A Pakistan a 2012, Agha Waqar Ahmad ya fito da tasa na'urar ruwan, gidajen talabijin suka yi ta yayata shi, har wasu ministoci suka yaba, kafin masana kimiyyar ƙasar su fito su nuna abin ba zai yiwu ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka kuwa ta gwada na'urori sama da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta kawo wani ragi na a zo a gani ba.

Idan an kawo wannan tarihi, amsar da ake bayarwa a majalisa ita ce kamfanonin mai ne ke danne maganar. Amma ƙasashe kamar Japan da Indiya, da ke kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da mai daga waje, da sun fi kowa murna da irin wannan dabara. Kamfanin Toyota ya fitar da mota mai aiki da haidirojin, Mirai, tun 2014, kuma ita ma sai an je an sayi haidirojin ɗin an cika mata tanki. Oksijin ɗinta daga iska take ɗauka kamar kowa.

Amma ai wasu sun rantse ta yi musu aiki

Nan ne ƙanena ya fi tsayawa. Wani abokinsa ya saka na'urar, kuma ya rantse mai ya ragu. Muka roƙe shi ya kawo keken garejin, Baba ya kira wani fita makwabcinsa ya duba. Fitan bai daɗe ba ya ɗago kai. Matatar iskar sabuwa ce fil, filogi ma an wanke shi, an kuma murɗe kafireta an rage mata mai. Abokin ya ce e, mai na'urar ne ya yi duk wannan ranar da ya ɗaura kwalbar, ya kuma ja masa kunne ya daina fizgar keke da gudu "don oksijin ya zauna".

Ashe ragin da ya gani daga nan yake. Matata mai tsabta, filogi mai kyau da tuƙi a hankali suna rage shan mai ko babu kwalba. Shaƙe kafireta kuwa yana rage mai yau, gobe ya ƙona bawul, don inji na yin zafi fiye da kima in mai ya yi masa kaɗan. Fitan ya ciro filogin ya nuna mana bakinsa ya yi fari fat. Abokin ya kuma amsa cewa kwana biyun nan batir na yi masa sanyi da safe.

Muka yi gwaji mai sauƙi. Fitan ya mayar da kafireta daidai. Kwana biyu abokin ya yi aiki da kwalbar a haɗe, kwana biyu an cire mata waya, kullum a cika tanki har baki da safe, a sake cikawa da dare a famfo ɗaya, a rubuta lita da kilomita. Da muka jera takardun, ba wanda ya iya nuna ranar da kwalba ke aiki da ranar da ba ta yi. Gani ya kori ji.

Gargaɗin da ya fi kuɗi muhimmanci

Kafin mu bar garejin ranar farko, Baba ya riƙe hannun ƙanena ya ce akwai abin da ya fi damunsa fiye da sidi 300. Ya ji wasu samari na zancen haɗa ƙaramar tukunyar oksijin irin ta asibiti kai tsaye da inji. Ya nuna mana kan tukunyarsa, ya ce tun yana yaron gareji aka hana shi taɓa wurin da hannu mai giris ko baƙin mai, domin maiƙo in ya haɗu da oksijin mai matsi yana iya kamawa ba tare da ashana ba. Inji kuwa ko'ina maiƙo ne.

Duniya ta ga irin wannan. A Janairun 1967 'yan sama jannatin Amurka uku suka ƙone a cikin kumbon Apollo 1 lokacin gwaji a ƙasa, saboda ɗakin cike yake da tsantsar oksijin, tartsatsi kaɗan ya ishe shi. A Afrilun 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib da ke Bagadaza, gobarar ta kashe mutum sama da 80. Ita ma kwalbar ruwan ba wasa ba ce: haidirojin da oksijin a gauraye cikin tiyo ɗaya, in wuta ta dawo baya daga inji, kwalbar ce za ta tashi, kuma a yelo-yelo kusa da fasinja take.

Amsar da na kai wa Mma

Na ce mata kada ta bayar. Na gaya mata oksijin mafici ne, ita kuma ta fi kowa sanin cewa fifita ba ta dafa koko in babu itace a murhu, sai ma ta sa itacen ya ƙare da wuri. Ta ce, "To ai da ka faɗa mini haka tun daren nan."

Mai son rage kuɗin mai yana da hanyoyi na gaske, ko da ba su da daɗin kallo a bidiyo. A wanke ko a sauya matatar iska, musamman da hunturu da ƙura ke toshe ta cikin 'yan kwanaki; inji mai kafireta in ya kasa numfashi mai yake zuƙa. A duba iskar taya. A sauya filogi da baƙin mai a kan lokaci. A kashe inji in ana jiran fasinja. A daina lodin da ya fi ƙarfin keke. Wanda kuma ke son barin fetur gaba ɗaya, sai ya koma wani makamashin na gaske: gas, kamar yadda 'yan tasi da yawa suka yi a ƙasar nan, a hannun wanda ya san aikin, ko kuma babur mai batir da ake cajinsa. Kowannensu akwai kuɗinsa, kuma mai sayarwa zai iya gaya maka daga ina ƙarfin ke fitowa. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa duk mai tallar na'ura: ƙarfin daga ina? In ya ce daga iska ko daga ruwa, ka riƙe aljihunka.

Sidi 300 dai ba su dawo ba. Ƙanena ya kira lambar mutumin har ya gaji. Da farko ana cewa gobe, daga baya wayar ta daina shiga. Ya yi kwana biyu ba ya son haɗa ido da kowa a gida. A rana ta uku ya sayi sabuwar matatar iska da filogi, ya sa fitan nan ya daidaita masa kafireta. Mma ta kwashi adashinta ta sayi geronta. Saura wata bakwai ya gama biyan keken.